Tambaya da Amsa: Janar Shazali, wanda ya tsallakar da sojan Masar kuma ya ƙare a kurkuku

Jama'a barkanmu da warhaka. Tun da na ambaci yaƙin da Masar da Siriya suka gwabza da Isra'ila a watan Oktoba na 1973 saƙonni suke ta shigowa, kuma yawancinsu a kan mutum ɗaya ne, wato Janar Sa'aduddin Shazali, babban hafsan hafsoshin sojan Masar a lokacin yaƙin. Shi ya sa na ce bari wannan fitowar in ba shi filin gaba ɗaya, sauran tambayoyin a yi min haƙuri sai wani jiƙon.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Dan Allah wai wanene wannan Shazalin? Mu dai Nasir da Sadat da Mubarak muka sani, shi kuma ban taɓa jin sunansa ba sai a bakinka. Daga wani ɗalibi a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Rashin jin sunan nasa ba laifinka bane, da gangan aka yi shekara da shekaru ana binne shi, zan zo kan wannan a ƙasa. An haife shi ranar 1 ga Afrilu 1922 a wani ƙauye da ake kira Shubratana a lardin Garbiyya, can cikin ƙasar noma ta arewacin Masar. Ya fito daga makarantar horar da hafsoshi a 1940 yana ɗan shekara 18, ya yi aiki cikin dogaran Sarki Faruk, ya shiga yaƙin Falasɗinu na 1948. Amma inda ya fara fita daban shine da aka tura shi kwas Amurka ya koyo dira daga jirgi, ya dawo ya kafa bataliyar sojan laima ta farko a Masar kuma ya riƙe ta daga 1954 zuwa 1959. Kaga tun nan halinsa ya ginu, don sojan laima mutum ne da ake jefawa bayan abokan gaba da abin da zai iya ɗauka a bayansa kawai, dole ya iya lissafin harsashi da ruwan sha da nisan tafiya, in ya yi kuskure ba mai kawo masa ɗauki.

A 1960 shi ya jagoranci bataliyar da Nasir ya aika Kwango ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya, daga nan Landan a matsayin jami'in soja na ofishin jakadanci, sai Yaman inda ya riƙe birged a yaƙin basasar can. A yaƙin kwana shida na 1967 da Isra'ila ta yi wa sojan Masar kaca-kaca a Sina'i, hamadar Masar da ke gabashin mashigin Suwez, shi yana riƙe da wata runduna ta musamman, sadarwa ta yanke tsakaninsa da hedkwata, kuma a yadda shi ya ba da labari sai ya ƙi bin yuyuyun gudu zuwa yamma, ya matsa gabas ya laɓe da mutanensa tsakanin duwatsu inda jirage ba sa iya samunsu, sai da ya samu umarni sannan ya janye ya tsallako da mafi yawansu da rai. A wancan makon iya ruwa fidda kai ne, kuma ya fidda kansa da na yaransa. Bayan nan aka ba shi sojan kundumbala da na laima duka, sai yankin Bahar Maliya a 1970, sannan a watan Mayu 1971 Sadat ya tsallake manyansa da dama ya naɗa shi babban hafsan hafsoshi.

TAMBAYA: Malam na ji ana cewa wai da ruwa Misirawa suka rusa ganuwar Isra'ila. Gaskiya ne ko irin ƙarin gishirin nan ne? Ni manomin rani ne, na san aikin injin ban ruwa, shi ya sa abin ya tsaya min a rai. Daga Kura, jihar Kano.

AMSA: Alhaji gaskiya ne wallahi, kuma kai da ka san yadda bakin tiyo yake cin kunyar gona idan ka sake shi da ƙarfi kai za ka fi kowa ganewa. Bayan 1967 Isra'ila ta zauna a gabashin mashigin Suwez ta tara tudun yashi a bakin ruwan, wani wurin tsayinsa ya kai mita 20, gangarensa ya miƙe yadda tanka ba za ta iya hawa ba, a bayansa kuma ga jerin sansanoni na kankare, shi ake kira layin Barleb da sunan hafsan hafsoshinsu Hayim Barleb, tsawonsa wajen kilomita 160. To ko ka tsallaka ruwan ta ina motoci da tankoki za su wuce? An gwada nakiya an gwada katafila, duk suna cin lokaci da rayuka. Sai wani injiniyan soja, Baƙi Zaki Yusuf, wanda Kirista ne Kibɗawi, ya tuna yadda suka riƙa zare tudun yashi da ruwa a wajen aikin madatsar Aswan, ya ce me zai hana a yi haka nan. Aka gwada aka ga ya yi, aka sayo ɗaruruwan injina daga Ingila da Jamus ta Yamma, aka ɗora su a kwale-kwale suna zuƙo ruwan mashigin suna feshe shi a jikin yashin.

Dabarar ba ta Shazali bace, wannan a faɗe shi don kar a ci haƙƙin mai ita. Aikin Shazali shine ɗinke dubban ƙananan abubuwa irin wannan su zama abu ɗaya, kuma nan ne ni yake burge ni. Ya fitar da wani kundin umarni da ake kira umarni na 41 wanda ya bi komai dalla-dalla, soja nawa a kwale-kwalen roba ɗaya, wa zai zauna a ina, kilo nawa kowa zai ɗauka, tsanin igiya nawa za a rataya a jikin tudun, har da 'yan kurar hannu da za a ja harsasai da su tunda motoci ba za su iso ba sai bayan awanni. Matsalar da ta fi damunsa ita ce sojan ƙasa zai tsaya shi kaɗai a gabas kafin a gama gadoji, tankokin Isra'ila kuma za su auko masa cikin rabin awa, don haka ya tsince makaman harbo tanka daga rundunonin baya, irin masu linzamin nan na Rasha da ake sarrafawa da waya da kuma rokar kafaɗa ta RPG, ya jibga wa na sahun gaba.

Ranar Asabar 6 ga Oktoba, 10 ga Ramadan, ranar da Yahudawa ke azuminsu na Yom Kippur, da misalin ƙarfe 2 na rana jirage sama da 200 suka tsallaka, igwa wajen 2,000 suka buɗe wuta, sojoji suka shiga ruwa rukuni-rukuni har 12 tsakanin kowanne minti 15 suna kabbara. Kafin wannan an yi ta yaudarar abokan gaba, a tara soja a sallame su a sake tarawa har abin ya zama jiki, har sanarwa aka buga a jarida cewa hafsoshin da ke son zuwa Umra su rubuta sunansu. Zuwa wayewar garin Lahadi an huda tudun a wurare kusan 60, mutum kamar 90,000 da tankoki kamar 850 sun tsallaka, waɗanda suka rasu a tsallakawar kuma ba su kai 300 ba alhali an yi zaton dubbai. A kudu wajen Runduna ta Uku ta Masar an sha wuya don ƙasar wajen laka ce, da ruwa ya taɓa ta sai ta zama taɓo, kai ka san wannan ma. Sansani ɗaya tak na layin, wanda suke kira Budafest can arewa bakin teku, shi ne bai faɗi ba har aka gama yaƙin.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, ni tsohon soja ne, na yi ritaya ina saje manjo. Abin da na kasa fahimta shine mutum ya ci nasara irin wannan sai ya tsaya a kilomita goma sha wani abu ya haƙa rami? Mu abin da aka koya mana in abokin gaba ya rikice ka bi shi. Kuma na karanta cewa Sadat ya ce Shazali ya karaya a tsakiyar yaƙi. Ina gaskiyar take? Daga Kaduna.

AMSA: Baba Allah ya ƙara girma, tambayarka ita ce zuciyar maganar gaba ɗaya, kuma ba kai kaɗai ke da wannan ra'ayin ba, Janar Gamasi wanda shine shugaban tsare-tsaren yaƙin shi ma daga baya ya rubuta cewa tsayawar ta yi tsawo. Amma bari in faɗa maka lissafin Shazali. Ya san sojan saman Isra'ila sun fi na Masar nesa ba kusa ba, a jirage da kuma matuƙa, kuma ya ga abin da jirgi ke yi wa soja a fili fetal a 1967 da idonsa. Abin da Masar take da shi shine rumfar makamai masu linzami na kakkaɓo jirage da aka kafa a yammacin ruwan, yawancinsu a girke suke ba sa tafiya, inuwarsu ba ta wuce kilomita 10 zuwa 15 a gabas ba. Duk wanda ya fita daga wannan inuwar ya zama nama. Saboda haka shirinsa, wanda ya sa wa suna Dogayen Hasumiyoyi, shine a tsallaka a kafe a cikin inuwar a bar Isra'ila ta zo ta riƙa fasa kanta, don ƙasa ce mai mutane kaɗan wadda ba ta jure asarar rai ba ta kuma jure dogon yaƙi tunda ma'aikatanta ne sojanta. Kuma haka aka yi, ranar 8 ga wata suka kawo farmaki aka ragargaza musu tankoki har aka kama wani kwamandansu Assaf Yaguri da rai.

Sai dai akwai wani ƙulli. Siriya ba za ta shiga yaƙi ba in ta san Masar za ta tsaya a bakin ruwa, don haka aka nuna wa Siriyawa taswirar da ke cewa za a dangana da mashigan duwatsun Mitla da Gidi. Shazali ya san ba a da niyyar yin haka, shi da kansa ya faɗa a littafinsa, kuma ni a ganina wannan tabo ne a kansa shi ma duk da cewa umarni aka ba shi, don ɗan'uwa aka rufe. To da wuta ta yi wuta a tuddan Golan, inda Siriya ke gwabzawa da Isra'ila, sai Siriya ta fara kiran a rage mata nauyi, Sadat ya ba ministan yaƙi Ahmad Isma'il umarnin a kutsa gabas. Shazali ya ƙi, ya sake ƙi, kwamandan Runduna ta Biyu Sa'ad Ma'amun da na ta Uku Abdulmun'im Wasil su ma suka nuna ba su yarda ba, aka ce musu hukunci ne na siyasa. Ranar 14 ga wata aka fita daga inuwar, kafin la'asar Masar ta rasa tankoki wajen 250, Ma'amun ciwon zuciya ya kwantar da shi a ranar, kuma Siriyar ma ba a rage mata komai ba.

Babbar ɓarnar ma ba tankokin bane Baba. Don a kai wannan farmakin sai da aka kwashe yawancin rundunonin tankoki na ko-ta-kwana, ta 21 da wani ɓangare na ta 4, daga yamma aka tsallakar da su gabas, bayan gida ya zama wayam. Daren 15 wayewar 16 janar ɗin Isra'ila Ariel Sharon ya bi ta tsagar da ke tsakanin rundunonin biyu a Dafarsuwar, arewa da Babban Tafki Mai Ɗaci, ya tsallaka yamma, suka fara bin sansanonin makamai masu linzami ɗaya bayan ɗaya suna farfasawa, rumfar ta yage, jiragensu suka samu hanya. Shazali ya ce a dawo da wasu birged na tankoki daga gabas a murƙushe su tun suna kaɗan, daga baya ya ƙayyade guda huɗu, Sadat ya hau shi da faɗa ya ce ba sojan da zai ja baya ko ɗaya har ya yi masa barazanar kotun soja. Shi Sadat tsoronsa kar kalmar janyewa ta tuna wa soja 1967 kowa ya ranta a na kare, kuma yana son riƙe kowane taku na Sina'i don teburin sulhu. Tsoron ba na banza bane, amma sakamakon shine aka tura birged ta 25 ta gefen tafkin a gabas ta faɗa kwanton ɓauna ranar 17 aka gama da ita, sannan bayan tsagaita wutar 22 ga wata Isra'ila ta ci gaba har ta yi wa Runduna ta Uku ƙawanya, dubban mutane ba ruwa ba abinci ba magani sai abin da aka roƙa aka shigar.

Maganar karaya kuwa, Sadat ne ya rubuta a tarihin rayuwarsa cewa Shazali ya dawo daga fagen daga a ruɗe yana neman a kwashe soja duka daga gabas. Shazali ya ƙaryata, ya ce birged huɗu ya nema, kuma Gamasi da yake cikin ɗakin ya rubuta cewa bai ga alamar karaya a tare da shi ba. Ni na fi gaskata su biyun. Ka ƙara da cewa tsakanin Shazali da Ahmad Isma'il akwai tsohuwar gaba tun Kwango inda suka yi sa'insa har ta kai ga hannu, kuma Sadat ya san da haka ya haɗa su aiki ɗaya, ɗaya minista ɗaya hafsan hafsoshi, kai da ka yi aikin bariki ka san abin da hakan ke haifarwa.

TAMBAYA: Malam mu a nan me ya haɗa mu da wannan yaƙin? Mahaifina yana yawan cewa a azumin shekarar kunnensu na jikin rediyo. Daga wata malamar makaranta a Maraɗi.

AMSA: Malama gaskiyar Baba ne, alaƙar tana da yawa. Nijar ta yanke hulɗa da Isra'ila tun farkon 1973, Chadi ta riga ta a ƙarshen 1972, Najeriya kuma ta yanke a watan Oktoban bayan sojan Isra'ila sun taka yammacin mashigin wanda ƙasar Afirka ce, lokacin Janar Gowon ne shugaban ƙungiyar haɗin kan Afirka, ba a maido da hulɗar ba sai 1992. Sudan ta aika soja, haka Aljeriya da Maroko da Libiya, kuma Shazali da ƙafarsa ya riƙa zagaya ƙasashen Larabawa kafin yaƙin yana neman jirage da rundunoni. Sannan takunkumin man fetur da Larabawa suka sa ya ninka farashin ganga kusan sau huɗu, daga wajen dala 3 zuwa kusan 12, kuɗin da suka cika baitulmalin Najeriya har aka yi wa ma'aikata ƙarin albashin nan da ake kira rabon Udoji. A Kwango ma lokacin da Shazali yake can sojan Najeriya suna can ƙarƙashin tuta ɗaya, cikinsu har da Aguiyi Ironsi.

TAMBAYA: To Malam yaya ya ƙare? Ka ce an binne sunansa. Daga wani ɗan kasuwa a Kumasi.

AMSA: Alhaji wannan ɓangaren ni yana sosa min rai. A watan Disamba 1973 Sadat ya sauke shi ya tura shi jakada Landan, daga nan Fotugal, irin karramawar da ake yi wa wanda ake son ya yi nisa. A 1978 ya fito fili ya soki Sadat da tafiyarsa ta sulhu da Isra'ila, ya ajiye aikin ya koma Aljeriya gudun hijira, can ya rubuta littafinsa kan yaƙin inda ya zargi Sadat da kurakuran da na lissafa a sama har ya nemi a gurfanar da shi. Aka hana littafin shiga Masar, a zamanin Mubarak kotun soja ta yanke masa shekara 3 a bayan idonsa bisa tuhumar tona asirin soja, shi kuma ya dage cewa asirin gwamnati ya tona ba na soja ba. Aka cire hotonsa daga gidan tarihin yaƙin da ke Alƙahira, yara suka taso ana koya musu cewa farmakin jiragen sama ne mabuɗin nasara, don Mubarak ne shugaban sojan sama a 1973.

Ya yi shekara 14 a Aljeriya, sai a watan Maris 1992 ya ce gida zai koma ko me za a yi masa, yana ɗan shekara kusan 70. A filin jirgi aka kama shi aka wuce da shi kurkukun soja, ya yi wajen shekara ɗaya da rabi, bai nemi afuwa ba. Da ya fito ya zauna shiru a gidansa, sai hirar da ya yi da tashar Aljazeera a 1999 wadda ta sa matasan Larabawa da yawa suka fara jin labarin daga bakinsa. Ya rasu ranar Alhamis 10 ga Fabrairu 2011 yana da shekara 88, lokacin dandalin Tahrir na Alƙahira a cike maƙil da masu zanga-zangar neman Mubarak ya sauka, washegari Juma'a aka yi jana'izarsa har mutanen dandalin suka yi masa salatul ga'ib, kuma da yammacin wannan Juma'ar ce Mubarak ya sauka daga mulki. A watan Oktoba 2012 shugaba Mursi ya miƙa wa iyalinsa lambar girma mafi daraja ta ƙasar, Sarƙar Nilu. Allah ya jiƙansa ya gafarta masa kurakuransa.